Sifirit da Hatsarinsa a Wurin Sana'a

Yau zancenmu a kan wani ruwa ne wanda kusan kowa ya taɓa gani, watau sifirit. In an taɓa yi maka allura a ɗakin shan magani, ka ga malamin asibiti ya jiƙa 'yar auduga ya goge maka wurin, ka ji sanyi, kafin ka waiwaya ya bushe. To, shi ne. Amma ba wannan na ke nufi yau ba, gama shi ɗan kaɗan ne, kuma yana hannun wanda aka koya wa aiki da shi. Wanda na ke nufi shi ne na wurin sana'a, wanda a ke saye kwalba-kwalba, jarka-jarka, har duro-duro.

Masu aiki da shi suna da yawa, sun fi yadda ku ke zato. Kafinta ya kan narka wani irin ƙaro a cikinsa ya goge katako don ya yi sheƙi. Mai haɗa turare da shi ya ke sirka turarensa. Mai aski da shi ya ke goge kilifa. Mai gyaran wayar hannu da shi ya ke wanke cikin waya, ga ƙarfen narka dalma da zafinsa a gefe. Akwai shi a maɗaba'a, akwai shi a ƙarƙashin farantan nan na ƙarfe da masu dafa abincin biki su ke ɗumama shinkafa, kuma wanda ya ke da fitila mai famfo ya san da shi a ke fara zafafa ta kafin kananzir ya kama. Da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a ɗayan waɗannan sana'o'i.

Abin da mu ke kira sifirit ba abu guda ba ne. 'Yan uwa ne uku, masu kama ɗaya. Na fari sunansa etanol, shi ne abin da ke sa maye a cikin giya. Na biyu metanol, wanda a dā a ke samu ta wajen gasa itace a rufe, yanzu kuwa daga iskar gas a ke yin yawancinsa. Na uku isofurofanol, wanda masu gyaran waya da maɗaba'a suka fi so. Dukansu farare ne tas kamar ruwan sha, dukansu suna bin iska da sauri, dukansu suna cin wuta. A shekara ta 1855 gwamnatin Ingila ta yarda a sayar wa masu sana'a etanol ba tare da harajin giya ba, muddin an ɓata shi yadda ba zai shawu ba. Sai aka riƙa zuba masa metanol wajen kashi ɗaya cikin goma, daga baya aka ƙara da wani abu mai wari da launin shuni-shuni, don ya zama gargaɗi. Asalin sifirit mai launi ke nan. Amma wanda a ke aunawa a kasuwa cikin kwalbar da ba ta da takarda, ba ka da hanyar sanin wane ne a ciki. Yana yiwuwa metanol ne tsantsa, don ya fi araha. Ido ba ya rarrabe su, hanci ba ya rarrabe su, harshe ma haka.

Bari mu fara da gobara. Mutane suna tsammani ruwan ne ke cin wuta. A'a, tururinsa ne. Duk sa'ad da ka buɗe kwalba, wani tururi ya kan riƙa tashi daga cikinta wanda ba a gani, shi ne ka ke jin warinsa. Kowane mai yana da iyakar ɗumin da in ya kai, tururinsa ya isa ya kama wuta. Kananzir mai kyau sai ya yi ɗumi wajen digiri 38 na ma'aunin Santigiret ko fiye, shi ya sa a ke iya ajiye shi a gida ba fargaba sosai. Sifirit kuwa tun daga digiri 11 zuwa 13 ya shirya. A ƙasarmu, in ka ɗebe 'yan dararen tsakiyar hunturu, zafin ɗaki kullum ya zarce wannan nesa ba kusa ba, balle a watan Afrilu cikin shagon kwano. Watau dai, a wurinmu ba ranar da sifirit ba a shirye ya ke ba. Ba kuma sai tururin ya cika ɗaki ba. In ya kai wajen kashi 3 cikin 100 na iskar wurin ga etanol, ko kashi 6 cikin 100 ga metanol, ƙyastun ashana ɗaya ya isa.

Tururin nan ba ya tashi sama ya tafi kamar hayaƙi. Na etanol da na isofurofanol sun fi iska nauyi, saboda haka su kan kwanta ƙasa su bi daɓe, su shiga ƙarƙashin benci, su taru a lungu. In akwai garwashi ko risho ko guntun taba a can ƙarshen shago, tururin zai je ya same shi, wutar kuma ta biyo shi da baya har bakin jarka. Don haka mutum ya ce, "Ai ban kai wuta kusa da shi ba," kuma gaskiya ya faɗa. Shi ne ya tafi wurin wutar.

Abu na biyu shi ne ya fi ba ni tsoro, shi ne kuma dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana. Wutar sifirit ba ta da hayaƙi, harshenta kuwa shuɗi ne mai haske-haske. Da dare a na ganinta. Da rana tsaka, musamman ta metanol, sai tana ci ganga-ganga kana tsaye kusa ba ka gan ta ba.

Wata shekara aka kawo mini wani yaro a kan babur, bai wuce shekara goma sha shida ba, yana koyon aski. Maigidansa ya koya masa ya zuba sifirit a bakin kilifa ya ƙyasta masa ashana kafin ya taɓa kan wani. Ranar nan a waje su ke aiki, ƙarƙashin rumfa, wajen azahar. Ya zuba, ya kunna, ya duba bai ga kome ba, ya ɗauka ashanar ce ba ta kama ba. Sai ya karkata kwalbar don ya ƙara. Wutar ta bi ruwan ta shige cikin kwalba, tururin da ke ciki ya kama, ya feso ragowar ruwan waje yana ci. Hannunsa na dama da ƙirjinsa suka ƙone, rigarsa ta leda ta narke ta manne da fata. Waɗanda ke wurin suka ce da fari sun zaci aljanu ne suka buge shi, gama sun ga yana ihu yana tsalle, ba su ga wuta ba. Sai da rigar ta fara baƙi suka gane. Mako shida ina wanke masa ciwon nan. Ya warke, amma yatsunsa biyu sun ƙage, almakashi ya gagare shi. Ban ga laifin yaron ba. Abin da aka koya masa ya yi.

Kada ku ce wannan rashin sani ne na mutanen ƙauye. A shekara ta 1981, a wurin babban tseren motoci na Indiyanafolis a Amurka, inda a lokacin motocin ke aiki da metanol, wani shahararren direba mai suna Rick Mears ya tsaya shan mai, man ya zube ya kama. Ya fito yana kaɗa hannu, masu riƙe da tukwanen kashe gobara suna kewaye da shi, sun rasa inda za su fesa don ba su ga wutar ba. Ya ƙone a fuska. In ƙwararru da kayan aiki sun ruɗe, ina ga yaron shago?

Saboda haka ga doka guda wadda na ke so kowane mai sana'a ya riƙe, ko da ya manta da sauran: kada ka taɓa zuba sifirit daga kwalba ko jarka a kan abin da aka riga aka kunna, ko da kana ganin ya mutu. Feshin wutar nan ya kan kai mita 3 ko 4, kuma sau da yawa ba mai riƙe da kwalbar ya ke samu ba, sai wanda ke tsaye gabansa. In gwangwanin ɗumama abinci ya ƙare a wurin biki, a rufe shi da murfi, a bar shi ya huce har a iya riƙe shi da hannu, sa'an nan a kai shi gefe a cika. In kana shakkar ko wuta na ci a wani wuri, kada ka gwada da hannu ko ƙafa. Miƙa tsintsiya ko dogon kara. In bakinta ya kama, ka sami amsa. Masu aski kuwa, shawarata ku bar kunna wutar nan ɗungum. Ƙyallin daƙiƙa biyu ba shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta ba. A kakkaɓe gashi, a wanke bakin kilifa, a jiƙa shi sosai da sifirit, a bar shi ya bushe da kansa.

To, in ta kama fa? Sifirit yana gauraya da ruwa, ba kamar fetur ba, saboda haka ruwa mai yawa yana kashe shi. Amma ku lura da kalmar nan, mai yawa. Ko an zuba ruwa kashi uku a kan metanol kashi ɗaya, har yanzu yana iya kamawa. Kofi guda ko buta ba abin da za su yi sai su kora wutar ta bazu cikin shago. In ɗan kaɗan ne ya zube a ƙasa, a rufe shi da yashi ko jiƙaƙƙen buhun algarara ko bargo. In a cikin kwano ya ke, a kifa masa murfi. Tukunyar kashe gobara mai gari tana aiki. In ta fi ƙarfinku, kowa ya fita, a kira 'yan kwana-kwana, a kuma gaya musu sifirit ne, domin kumfar da su ke zuba wa fetur narkewa ta ke yi a kansa, shi da irin tasa kumfar dabam.

In tufafin mutum ne suka kama, kada ya gudu, gudu fifita wuta ne. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo, a kwarara masa ruwa. Bayan ta mutu, a ci gaba da zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙunar har minti 20. Na san yana da tsawo, amma zafin da ya shige cikin nama yana ci gaba da dafa shi bayan wutar ta mutu, ruwan ne ke fid da shi. A cire zobe da agogo tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne da fata a bar ta. Kada a shafa manja, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko gishiri, ko toka. Duk sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, mai ciwon kuwa shi ke shan azabar. A rufe da tsumma mai tsabta a kawo shi. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko wadda ta taɓa fuska, ko yatsu, ko gaɓa, ko al'aura, ta babban asibiti ce.

Wajen ajiya ba wani abu mai wuya. Babbar jarka ta zauna a inuwa, a rufe kam, nesa da janareta da murhu da wurin da a ke cajin waya, ba kuma a ɗakin da yara masu koyon aiki su ke kwana ba. A ɗebi na aikin yini kaɗai cikin ƙaramar kwalba mai murfi. In za a juye, a yi a waje ko bakin ƙofa, da mazurari. Tsummokaran da aka jiƙa a tara su cikin gwangwani mai murfi. Bokitin yashi ya zauna bakin ƙofa, ƙofar kuma kada a tare ta da kaya. Sai maganar duro. Duron da aka ce ba kome a ciki ya fi cikakke hatsari, gama cike ya ke da tururi gauraye da iska. Masu walda da su ke yanka irinsa don a yi murhu ko mazubin ruwa, kada su sa masa wuta sai an buɗe shi, an wanke, an cika shi da ruwa. In ba haka ba, fashewa ya ke yi kamar nakiya.

Yanzu sai dafinsa. A nan metanol ne babban mugu. Shi kansa ba shi ke ɓarnar ba. In ya shiga jiki, hanta ce ke juya shi ya zama wani ruwa mai tsami mai guba, irin wanda ke cikin cizon tururuwa, shi kuwa sai ya tsamar da jini ya kuma kashe jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa. Jijiyar nan in ta mutu ba ta sake tohuwa. Ƙaramin cokalin shayi biyu na metanol tsantsa, watau mililita 10, suna iya makantar da babban mutum. Babban cokali biyu, mililita 30, suna iya kashe shi.

Aikin hantar yana ɗaukar lokaci, a nan ne mutane su ke ruɗuwa. Wanda ya sha zai ji ɗan jiri, sa'an nan ya ware kamar ba abin da ya faru. Sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai ya taso, da amai, da ciwon ciki, da numfashi sama-sama da sauri, ya ce yana ganin gari ya yi hazo alhali kuwa sarari ne garau. Lokacin da ya ke jin lafiya ɗin nan, shi ne lokacin da magani ya fi amfani, kuma shi ne lokacin da 'yan uwa su kan ce a bari a gani tukuna.

Mun ga wannan a ƙasar nan. A watan Afrilu na 2015, a yankin Irele na Jihar Ondo, mutane suka riƙa makancewa suna mutuwa cikin kwana ɗaya, aƙalla 18 tun a farkon abin, har aka yi ta cewa annoba ce ko fushin dodo. Da aka bincika sai aka tarar giyar gida ce mai metanol. A watan Yuni na shekarar nan kuma irin wannan ya kashe fiye da mutum 60 a Jihar Ribas. A Iran, a 2020, da aka baza jita-jita cewa shan barasa yana maganin cutar korona, fiye da mutum 700 suka mutu da dafin metanol cikin 'yan makonni.

Wani zai ce shi ba ya shan giya, wannan bai shafe shi ba. Ya shafe shi ta wajen kwalba. Yawancin masu sana'a a robar ruwan sha ko kwalbar lemo su ke zuba sifirit, su ajiye a ƙarƙashin tebur. Yaro ya shigo da ƙishi, ko abokin aiki ya dawo daga rana, ya ɗaga ya kurɓa. Kurɓa ɗaya ta wuce cokali biyu. Kada a taɓa zuba shi a cikin abin da aka san shi da abin sha. A rubuta sunansa a jikin kwalbar, wanda bai iya karatu ba ya ɗaura mata jan ƙyalle. In kun sayi na kamfani, ku duba takardar jikinsa: hoton harshen wuta yana nufin yana kamawa, hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu yana nufin guba ne.

Ba ta baki kaɗai ya ke shiga ba. Yana shiga ta numfashi, yana kuma ratsa fata. A Ingila da Amurka an ƙayyade cewa tururin metanol a wurin aiki kada ya wuce kashi 200 cikin miliyan na iska a aikin awa 8. Mu ba mu da abin aunawa a shagunanmu, hanci kuwa ba abin dogara ba ne, don ya kan saba da wari cikin ɗan lokaci. Sabo da kaza kuwa ba ya hana a yanka ta. Abin da za ka lura da shi shi ne jikinka. In kullum da la'asar kanka na ciwo, idonka na yaji, kana jin jiri ko tashin zuciya, amma ranar da ba ka je aiki ba ka ji garau, to iskar shagonka ce. Buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa, ko ka fitar da aikin gogen katako da haɗa turare waje ƙarƙashin rumfa. Takunkumin ƙyalle yana tare ƙura, ba ya tare tururi, kada ya ruɗe ka. Hannu kuma, sifirit yana cinye maiƙon fata, ta bushe ta tsattsage, musamman da hunturu, ta tsagar nan kuwa ya fi saurin shiga. A sa safar hannu ta roba mai kauri, a bar wanke fenti daga hannu da shi. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu minti 15. Iyaye mata kuma, kada a shafe jikin jariri da shi don zazzaɓi ya sauka. Fatarsa ba ta da kauri, abin da ta sha jininsa ya ke tafiya.

Masu shago, yaran da ke ƙarƙashinku amana ne, kuma doka ma ta san da su. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce wanda ya ji ciwo ko ya kamu da cuta saboda aikinsa yana da hakkin diyya, ta hannun hukumar NSITF. Bokitin yashi da taga da safar hannu duk kuɗinsu bai kai na jinyar mako guda ba.

In wani ya sha sifirit, ko kaɗan ne, ko yana cewa lafiyarsa lau, kada a jira. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa tare kome, ɓata lokaci ne kawai. Mu a ɗakin shan magani ba mu da abin da za mu yi masa sai mu rubuta takarda mu tura shi gaba, saboda haka in da hali a wuce da shi babban asibiti kai tsaye. A can akwai maganin da ke hana hanta juya metanol ya zama guba, akwai ƙarin ruwa mai gyara tsamin jini, in abin ya yi tsanani kuma akwai na'urar wankin jini irin ta masu ciwon ƙoda. Ku tafi da kwalbar da ya sha, ko da ba kome a cikinta, ku gaya wa likita ƙarfe nawa ya sha da kimanin yawansa. In tare da waɗansu ya sha, a nemo su duka a kai, har wanda bai fara jin kome ba.